DARASI: ABIN DA MASU KIWON JATAN LANDE SUKA KOYA, DA AMFANINSA GA FATAKEN SHANU

Darasinmu na wannan fitowa zai ɗan ba wasu mamaki, domin daga ruwa za mu fara kafin mu hau tudu. Mun san wani zai ce, mu da muke fataucin shanu, ina ruwanmu da jatan lande? To, a yi haƙuri a biyo mu sannu a hankali.

Abin da ya jawo maganar shi ne, a taronmu da ya wuce wani ɗan uwa ya zo da wani gari a cikin leda mai rubutun Faransanci. Ya ce a kara aka sayar masa, aka ce wai in ya zuba wa sa a dusa, ba ya zawo, ba ya ramewa a hanya, ba ya kuma bukatar allura. Sunan da ke jikin ledar shi ne firibayotik. Ya ce a gaya masa, gaskiya ne ko an ci kuɗinsa? Da muka bi diddigin abin, sai muka tarar masu kiwon jatan lande na Asiya da Kudancin Amurka sun daɗe suna gwada irin wannan gari, bayan sun sha asara mai yawa. Gani ga wane, an ce, ya ishi wane tsoron Allah.

Kuma jatan lande ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya sauke shanu a Duwala ya gan shi a kasuwa, ɗanye da busasshe. Sunan ƙasar Kamaru ma daga gare shi ya fito. A shekarar 1472 Turawan Fotugal suka shigo bakin kogin Wuri, suka tarar da shi maƙil da waɗannan halittu, sai suka sa masa suna Rio dos Camarões, watau kogin jatan lande. Wannan suna ne ya bi bakin mutane har ya zama Kamaru.

1. YADDA AKE KIWONSA

A ƙasashen Sin, Indiya, Biyetnam, Indunusiya, Tailan da Ekwado, ba jiran masunta kawai ake yi ba, kiwonsa ake yi kamar yadda ake turke rago. Akan haƙa manyan tafkuna kusa da teku, a zuba ruwa mai ɗan gishiri, a sayo 'ya'yan jatan lande ƙanana daga gidan ƙyanƙyasa, a zuba su dubbai. Ana ba su abinci sau da yawa a yini, bayan wata 3 zuwa 4 a kwashe a sayar. Kuɗin abinci shi ne yakan cinye rabin jarin mai tafki ko fiye.

Sai dai fa a cikin ruwa ɗaya suke ci, a ciki suke kashi, a ciki suke numfashi. Ku kwatanta da shanun da aka cusa a tirela ko taragon jirgi, kafaɗa da kafaɗa. Inda duk aka yi cunkoso, cuta ta sami gida.

2. ANNOBA BIYU

Annoba ta farko ita ce cutar farin ɗigo, wadda ta ɓulla a gabashin Asiya wajen 1992. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma tana iya share tafki ƙarƙaf cikin kwana 3 zuwa 10. A 1999 ta isa Ekwado, abin da ƙasar ke fitarwa waje ya faɗi da fiye da rabi.

Ta biyu ita ce wadda aka sa wa suna mutuwar wuri, domin cikin wata na farko bayan zuba 'ya'ya take kashe su. Ta fara a Sin a 2009, ta shiga Biyetnam a 2010, Maleshiya a 2011, Tailan a 2012, ta tsallaka Meziko a 2013. A Tailan, wadda a lokacin take kan gaba wajen sayar wa duniya jatan lande, amfanin ya ragu da kusan rabi. Sai a 2013 ne wani masani mai suna Donald Lightner da abokan aikinsa na Jami'ar Arizona ta Amurka suka gano mai laifin. Wata ƙwayar bakteriya ce daga dangin Bibriyo, watau 'yar uwar ƙwayar da ke kawo kwalara ga ɗan Adam. Ta baki take shiga, ta zauna a ciki, ta saki dafin da ke lalata gaɓar da ke narkar wa jatan lande abinci.

A nan akwai wani bambanci da ya kamata mu gode wa Allah a kansa. Saniya in aka yi mata allurar rigakafi, jikinta yakan riƙe kamannin cutar, in ta dawo ya gane ta. Da haka aka ci ƙarfin bushiya, wadda dattawanmu suke tuna ɓarnar da ta yi a farkon shekarun 1980, har aka yi shelar kawar da ita daga duniya a 2011. Har gobe kuma ana yin alluran rigakafin dabbobi a LANAVET ta Garwa. Shi kuwa jatan lande jikinsa ba shi da irin wannan tunawa, don haka rigakafi irin na shanu ba ya yi masa aiki. Kuma ko da yana yi, wa zai bi dubu ɗari ɗaya bayan ɗaya da sirinji?

3. DA SUKA RUNGUMI ANTIBAYOTIK

Da masu tafkuna suka rasa mafita, sai da yawansu suka koma zuba antibayotik a abinci da ruwa, da ciwo da ba ciwo. Abu uku suka biyo baya. Na ɗaya, maganin ba ya taɓa bairos ko kaɗan, kuɗi ne kawai aka zubar. Na biyu, ƙwayoyin bakteriya suka saba da shi har ya daina jin su. Na uku, wanda ya fi taɓa aljihu, saurar maganin ta zauna a cikin naman. A 2001 da 2002 ma'aikatan bincike na Turai suka riƙa samun kuloramfenikol da wasu haramtattun magunguna a jatan landen Asiya. A watan Janairu na 2002 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga jatan lande da zuma da wasu kayan dabbobi daga Sin, sai a 2004 aka sassauta. Mai laifi da marar laifi duk suka kwana da kayansu a hannu.

Tarayyar Turai ɗin kuma ta hana sa wa dabbobi antibayotik a abinci don su yi ƙiba tun daga 1 ga Janairu 2006. Wannan duka ya sa masana suka juya tambayar. Maimakon a yi ta neman abin da zai kashe ƙwayoyin cuta, me zai hana a ƙarfafa ƙwayoyin kirki da ke cikin hanji, su tsare gida da kansu?

4. MENE NE FIRIBAYOTIK?

A cikin hanjin kowace dabba, har da mu mutane, akwai ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani sai da madubin likita. Wasu na kirki ne, suna taya narkar da abinci. Wasu kuwa 'yan ta'adi ne, suna jiran sarari. Ku ɗauka kamar zango ne. In mutanen kirki suka cika shi, ɓarawo ba ya samun wurin shimfiɗa tabarma. In suka watse, sai ya zama nasa.

Kalmomi uku ne ake yawan rikitawa, sai a kiyaye:

Antibayotik magani ne mai kisa, kuma ba ya tantance na kirki da na banza sosai.

Furobayotik su ne ƙwayoyin kirkin kansu, da ransu, ake ba dabba. Irinsu ne ke mayar da madara kindirmo.

Firibayotik kuwa ba shi da rai. Abinci ne wanda dabbar ba ta iya narkarwa da kanta, sai ya wuce har inda ƙwayoyin kirki suke, su ci su yawaita. Masana biyu, Glenn Gibson na Ingila da Marcel Roberfroid na Beljiyam, su suka raɗa wannan suna a 1995.

Mafi shahara a ciki su ne inulin da danginsa, wanda ake samu a albasa da tafarnuwa, amma kamfanoni daga saiwar wani tsiro na Turai mai suna cikori suke tatsarsa. Sai wanda ake rubutawa MOS, daga ɓawon ƙwayar yis, yis ɗin nan dai na masu burodi. A ɓawon yis ɗin kuma akwai beta-gulukan, wanda ke zaburar da garkuwar jiki.

Aikinsu ta hanya uku ne. In ƙwayoyin kirki suka ci, sukan fitar da wani ɗan tsami mai amfani wanda ke ciyar da bangon hanji, ya kuma takura wa 'yan ta'adi. Shi MOS, wasu miyagun ƙwayoyi sukan manne masa a maimakon su manne wa hanji, sai kashi ya fita da su. Sa'an nan sojojin jini sukan zama cikin shiri.

5. ABIN DA GWAJI YA NUNA

An yi gwaje-gwaje masu yawa a kan jatan lande. Yawanci akan raba su kashi biyu, a ba wasu abinci da garin, wasu babu, bayan makonni a sa musu ƙwayar Bibriyo da gangan, a ƙirga waɗanda suka rayu. A gwaji da dama waɗanda suka ci garin sun fi rayuwa, bangon hanjinsu ya fi kyau, wani lokaci sun fi girma. Amma akwai gwajin da ba a ga wani bambanci ba. Ga abin da za mu riƙe:

Na ɗaya, kaɗan ake sawa, gram kaɗan ne a kowane kilo na abinci. Ƙara yawa ba ya ƙara amfani, yana ma iya jawo akasi.

Na biyu, kafin ciwo ake bayarwa, na tsawon makonni. Wanda ya riga ya kamu ya daina ci, ta ina garin zai shiga?

Na uku, ba ya gyara ruwan da ya ɓaci, ba ya maganin cunkoso. Ekwado da ta farfaɗo har ta fitar da fiye da tan miliyan 1 a 2022, ba da gari kaɗai ta yi ba. Sun lura da yawan abin da suke zubawa a tafki, sun zaɓi iri daga waɗanda suka tsira daga cuta, sun kula da ruwa.

6. MU DAWO KAN TUDU: TUMBIN SA

Yanzu ga inda zancen ya same mu. Shi sa ma da tafkinsa yake yawo, shi ne tumbi. Cikin saniya ɗaki huɗu ne, tumbi shi ne babba, a babban bijimi yakan ɗauki lita 100 ko fiye. A cikin ɗigo ɗaya na ruwan tumbi akwai ƙananan halittu miliyoyi. Saniya da kanta ba ta iya narkar da ciyawa, su ne suke yi mata. Tsamin da suke fitarwa shi ke ba ta wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfinta, su kansu kuma in sun gangara gaba sai su zama mata abin gina jiki. Ashe ke nan in ka zuba wa sa harawa, waɗannan halittu ka ciyar, su kuma su ciyar da shi.

To me ke faruwa a hanya? Ɗauki san da ya taso daga Cadi ya tsallako Kusiri, ko wanda aka saya a Bogo ko Adumri. Ya sha kora, ya tsaya a kara cikin rana, aka ɗora shi a mota. Daga Gaundare zuwa Yawunde a jirgi fiye da kilomita 600 ne, ban da jiran tarago. Wanda za a wuce da shi Kiyosi, bakin iyakar Gabon da Ikwatoriyal Gini, tafiyarsa ta fi haka. In sa ya yi kwana ɗaya zuwa biyu ba ci ba sha, halittun tumbinsa sukan ragu ƙwarai, kuma sukan ɗauki kwanaki kafin su dawo daidai. Shi ya sa za ka ga an sauke shi, ga abinci a gabansa amma yana sunsuna kawai, ba ya tuƙa, kwiɓinsa na hagu ya faɗa.

A doguwar tafiya sa yana iya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Wani sashe kashi ne da fitsari, amma in tafiyar ta yi tsawo har tsoka takan bushe. Mu yi lissafi. Sa mai kilo 350, kashi 10 ɗinsa kilo 35 ne. In kana da 30 a mota, kilo 1,050 ke nan, nauyin shanu 3 cur sun ɓace ba ɓarawo ba haɗari. Wahalar hanya kuma takan raunana garkuwar jiki, shi ne ake ganin tari da majina da zazzaɓi kwanaki kaɗan bayan sauka. Domin irin wannan ne dokar Tarayyar Turai ta 2005 ta ce babban sa kada ya wuce awa 14 a mota sai an tsaya awa ɗaya an ba shi ruwa, in ya ƙara wata 14 a sauke shi ya huta awa 24. Mun san hanyoyinmu da shingayenmu ba irin nasu ba ne, amma cikin sa ɗaya ne ko'ina.

Kuskure biyu muke yi, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Na farko shi ne gaggawar cika ciki. Mu kanmu ya taɓa cin mu. Wata shekara muka sauke shanu a kudu bayan kwana uku, muka ga sun faɗa, kasuwa kuma gobe. Sai muka tula musu dusa da masara don su taso. Kafin asuba biyu sun kumbura, wasu suna zawo mai warin tsami, dole aka kira mahauci cikin dare, ya saya yadda ya ga dama. Dalili kuwa, hatsi yana da nasa halittun masu cin sa da sauri, sukan cika tumbi da mugun tsami, su kashe masu cin ciyawa. Tumbi yana bukatar mako 2 zuwa 3 kafin ya saba da hatsi mai yawa.

Na biyu shi ne kafso da allura ba dalili. Wasu sukan fasa kafson mutane a ruwa su ɗura wa babban sa. Wannan kai tsaye tumbi yake zuwa, ya kashe ma'aikatan da muke roƙo su tashi. Wasu kuma sukan bi garke duka da doguwar allurar oksi ranar lodi, alhali kwana biyar za a yanka su. Kowace kwalba tana da kwanakin jira kafin yanka, na doguwar allura yakan kai mako 3 zuwa 4, wani ma ya fi. Naman nan 'ya'yan mutane ne za su ci, haƙƙi ne a wuyanmu. Kuma mun ji yadda saurar magani ta rufe wa wasu kasuwa. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

7. AMSAR TAMBAYAR ƊAN UWANMU

Firibayotik abu ne na gaskiya, ba tatsuniya ba. Amma wanda ya ce maka yana maye gurbin allura ko yana hana rama a mota, ya yi ƙari.

Inda aka fi ganin amfaninsa a shanu shi ne ga maraƙi mai shan nono, wanda tumbinsa bai fara aiki ba tukuna. Shi garin yakan isa hanjinsa kamar yadda yake isa na jatan lande, kuma a wasu gwaje-gwaje ya rage zawo. Ko a nan ma dakashin uwa a awannin farko ya fi kowane gari. Ga babban sa kuwa, irin su inulin halittun tumbi ne suke cinye su tun kafin su kai hanji. Abin da aka fi gwadawa a manya shi ne yis da kayan da ake yi daga gare shi, kuma taimakonsa daidai gwargwado ne, ga dabbar da ake turke da ita makonni.

Saboda haka, babban abincin halittun tumbi yana nan a hannunmu tun kaka da kakanni: busasshiyar ciyawa mai kyau, harawar gyaɗa da ta wake, kowa, 'ya'yan gawo, da ruwa mai tsabta. Ga shawarwarinmu:

1. Kafin lodi, a bar shanu su huta, su ci busasshiyar ciyawa, su sha ruwa. Kada a ɗora su da yunwa, kada kuma a cika su da ɗanyar ciyawa ko dusa.

2. A rage cunkoso. San da ya faɗi aka tattake shi ya cinye ribar biyun da aka ƙara.

3. A sa kuɗin harawa da ruwan hanya cikin lissafi tun daga gida, a damƙa wa ɗan rakiya, kamar yadda ake ware kuɗin takardu.

4. In an sauka, busasshiyar ciyawa da ruwa tukuna. Dusa da ƙulin auduga sai daga baya, kaɗan kaɗan, ana ƙarawa a hankali.

5. A ajiye gishiri da 'yar kanwa su lasa. Makiyayan Adamawa da ke kai shanu shan ruwan kanwa sun san amfaninta. Amma ba ta ceton san da ya riga ya kumbura.

6. Alamar tumbi ya tashi ita ce tuƙa, da kashi mai kyau, da kwiɓin hagu ya ciko. Wanda ya kwana biyu bai tuƙa ba, ko yana zazzaɓi da nishi, a ware shi a kira malamin dabbobi. A nan ne antibayotik yake da wuri, bisa awo, da cika kwanakin jira.

7. In za a sayi gari, a duba sunan kamfani, da abin da ke ciki, da awon da za a bayar, da ranar lalacewa, da irin dabbar da aka yi shi dominta. Wanda aka ƙulla a leda ba rubutu, a bar wa mai shi. Wanda ya yi niyyar gwadawa, ya yi irin na masana: ya raba shanun turke kashi biyu masu kama da juna, abinci ɗaya, ya ba rabi ya hana rabi, bayan wata guda idonsa da sikeli su yi hukunci.

TAMBAYOYIN BITA

A tattauna waɗannan a rassa kafin taro na gaba:

(a) Mene ne bambancin antibayotik da furobayotik da firibayotik?
(b) Me ya sa aka rufe wa jatan landen Sin kasuwar Turai a 2002?
(c) Me ya sa ba a tula wa sa dusa ranar da ya sauka daga mota?
(d) A hanyar da kuke bi, a waɗanne garuruwa ne za a iya samun ruwa da harawa ba tare da ɓata lokaci ba?

Amsar tambaya ta ƙarshe muna roƙon shugabannin rassa su rubuto wa sakatare, domin mu haɗa jerin wuraren mu buga don amfanin kowa. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a dukiya, Ya ba mu ciniki na halal, amin. Wassalam.